Mu Ɗaga Ido Sama: Gandun Taurarin Da Ya Rasa Iri

 A watan jiya mun yi hira a kan Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da kowane yaron ƙauye ya ke iya nunawa da yatsa. Yau kuwa tafiyarmu mai nisa ce ƙwarai, gama za mu leƙa wani wuri da idon mutum ba ya kaiwa sai da babban madubin hangen nesa. Amma kada nisan ya sa ku ajiye mujallar. Manomin Samaru da 'yar kasuwar Sabon Gari za su gane labarin tun kafin mu kai ƙarshe, domin labarin iri ne da zaman maƙwabtaka.

Mene ne gandun taurari?

A daren da babu wata, babu hazo, taurarin da mai ƙarfin ido zai iya ƙirgawa ba su wuce 3,000 ba. Amma in ya dube sama da kyau zai ga wani farin tsiri ya ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan, kamar inda buhun gari ya yi yoyo a hanya. Wannan tsiri taurari ne jingim, nisa ya sa haskensu ya gauraye. Su da Ranarmu duk 'yan gida ɗaya ne, su na zagaya tsakiya ɗaya, yawansu kuwa ya wuce miliyan 100,000. Irin wannan babban taro shi ne Turawa su ke kira galaksi. Mu dai a wannan fili za mu ce da shi gandun taurari, za ku kuwa ga dalili nan gaba.

Kilomita ba ta isa awon sama ba, sai a auna da gudun haske. Haske ya kan ci kilomita 300,000 cikin sakan ɗaya, watau ya zagaya duniya sau 7 da rabi kafin ka ƙifta ido. Daga Rana zuwa nan ya kan yi minti 8 da 'yan kai. Nisan da ya ke ci cikin shekara guda shi a ke kira shekarar haske. Faɗin gandunmu wajen shekarun haske 100,000 ne.

Dā masana su na tsammani gandunmu shi ne iyakar kome. A cikin 1923 wani Ba'amurke, Edwin Hubble, ya yi aiki da madubi mai faɗin inci 100 a kan wani dutse a Kalifoniya, ya auna nisan wani ɗan gajimaren haske da a ke kira Andromeda, sai ya tarar ba ya cikin gandunmu ko kaɗan. Ashe wani gandu ne dabam. Yau mun san nisansa shekarun haske miliyan 2 da rabi ne, irinsa kuwa su na da yawa fiye da ƙirga.

Curin fura, guguwa, da waina

Hubble ya kasa gandayen nan bisa ga siffarsu. Akwai masu kama da curin fura ko ƙwai, dunƙule kawai, babu hannu babu ƙafa. Akwai masu faɗi kamar faifai, da hannuwa a murɗe kamar guguwa in ka hange ta daga bisa. Gandunmu da Andromeda irin waɗannan ne. A littafin da ya buga a 1936 ya ce lalle akwai wani kashi tsakanin biyun nan, daga baya kuwa aka same su da yawa. Siffarsu siffar waina ce: kumburi a tsaka, sirara a gefe. Su na da faifai kamar masu hannuwa, amma hannuwan babu. Turawa sun ba su sunan gilashin tabarau saboda siffar nan. Mu kuwa waina ta fi kusa da mu.

Bambancin ya wuce na siffa. A hannuwan gandu mai kama da guguwa akwai iskar gas mai sanyi, yawancinta haidirojin, gauraye da ƙura. Inda ta taru da yawa, nauyinta ya kan danne ta, ta yi ta matsewa ta na zafi, har ta kama ci, sabon tauraro ya tsiro. Wannan iska ita ce iri. Gandunmu ya na da sauranta, shi ya sa har yau ya na haifar 'yan taurari kaɗan kowace shekara. Wanda ya dubi ƙarƙashin taurari ukun nan da su ke jere a sama lokacin sanyi zai ga wani ɗan dishi-dishi. Wannan wurin renon sababbin taurari ne.

Manyan taurari masu shuɗin haske ba su daɗewa, cikin 'yan shekaru miliyan kaɗan sun ƙone ƙurmus. Matsakaita irin Ranarmu su kan yi shekara miliyan 10,000, ƙanana jajaye kuwa sun fi haka nesa. To, ran da iri ya ƙare wa gandu, shuɗayen su kan mutu babu magaji, hannuwan su dushe, a bar tsofaffi masu launin rawaya da ja su na ta zagayawa. Abin da ya sami gandu mai kama da waina ke nan. Rumbunsa cike da tsohon hatsi, amma ba shi da abin shuka.

Shida da ba su cika shida ba

A wani yanki na sama da a ke kira Kan Maciji akwai wani gandu irin na waina, sunansa a littafin masana NGC 6027. Wani Bafaranshe, Édouard Stephan, shi ya fara hango shi a 1882. A 1951 wani Ba'amurke, Carl Seyfert, ya bincika hotunan wurin, ya ga ashe abubuwa shida ne a cunkushe. Tun daga nan a ke kiransu 'Yan Shidan Seyfert. A 1982 Paul Hickson na Kanada ya jera rukuni 100 na gandaye masu zaman matsi haka, wannan ya zama na 79 a jerinsa.

Nisansu daga nan wajen shekarun haske miliyan 190 ne. Bisa ga lissafin masana, sa'ad da hasken nan ya baro gida, Afirka da Amurka ta Kudu ba su rabu ba tukuna, manyan dabbobin nan kuma masu kama da ƙadangaru, irin waɗanda a ke tono ƙasusuwansu a hamadar Nijar, su ne ke yawo a bayan ƙasa. Watau hoton da mu ke gani yau tsohon labari ne. Yadda su ke a yanzu, haskensa ya na kan hanya.

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ce. Da aka auna shidan nan ɗai-ɗai, sai ƙirgan ya ɓaci. Ɗaya daga cikinsu, wani ɗan ƙarami mai hannuwa, ba maƙwabcinsu ba ne sam. Ya na can bayansu, nisansa ya kusa ninka nasu sau 5, layi kawai ya haɗa su. Haka mai tsaye a gona ya kan ga kuka kamar ta jingina da dutsen Kufena, alhali tsakaninsu tafiya ce.

Yaya aka gane? Ku tsaya a bakin hanyar Sakkwato, tsakanin Kwangila da Samaru, ku saurari babbar mota da ta taho ta na oda. Sa'ad da ta ke nufo ku muryar odar siririya ce, da ta wuce sai ta yi kauri. Haske ma haka ya ke yi. Abin da ke nesantar mu, haskensa ya kan karkata wajen ja, gwargwadon saurinsa. Da ya ke sararin sama ya na buɗewa, gandun da ya fi nisa shi ya fi saurin nesanta. Huɗu daga cikin shidan nan su na nesantar mu da gudun kilomita wajen 4,400 a sakan, amma ɗan baƙon nan nasa ya kusa 20,000. Nan asirinsa ya tonu.

Saura na shida. Shi kuma ba gandu ba ne, jela ce ta taurari da aka fizgo daga jikin NGC 6027. Gandaye na ainihi huɗu ne kurum, biyu daga cikinsu masu kama da waina. Dukansu huɗu sun cusa kansu a filin da bai fi faɗin gandunmu shi kaɗai ba. Ku kwatanta da iyali huɗu a ɗaki ɗaya na gidan haya. Babban madubin nan da aka sa wa sunan Hubble, wanda aka harba sama a 1990, ya ɗauki hotonsu a shekarar 2000. A hoton a na ganin gefunansu sun karkace, wani haske mai dishi-dishi kuma ya lulluɓe su, watau taurarin da su ka ɓalle daga gidajensu.

Zo mu zauna, zo mu saɓa

Kowane abu mai nauyi ya na jan ɗan'uwansa. Jan da Wata ya ke yi wa teku shi ke sa ruwa ya hau ya sauka a bakin gaɓar Ikko kowace rana. Gefen da ke kusa ya fi shan ja, na nesa kuwa a bar shi baya, sai abin ya miƙe. In gandu biyu su ka gifta juna kurkusa, haka su ke yi wa juna, har a zare musu dogayen jeloli. A 1972 wasu 'yan'uwa biyu, Alar da Juri Toomre, su ka gwada lissafin da kwamfuta, sai ga jeloli sun fito daidai da waɗanda a ke gani a hotuna.

Wani zai ce, ai kuwa taurari za su yi ta karo da juna. A'a, da wuya ƙwarai. A ce Ranarmu ƙwayar dawa ce an ajiye ta a kasuwar Samaru. To, tauraron da ya fi kusa da ita wata ƙwayar dawa ce a wajen Kaduna. Ina za su gamu? Gandu zai iya ratsa gandu, taurari su wuce salin alin. Amma iskar gas ta bazu ko'ina, ita ce ke shan wahalar gamuwar.

Masana sun lura da hanya uku da gandu ya kan rasa irinsa. Ta fari, ya yi ta shuka har ya ƙare, ba a kawo wani ba. Ta biyu, jan maƙwabta: wani sashi a watsar da shi waje, wani a tura shi tsakiya ya zama taurari gaba ɗaya cikin gaggawa, kamar mai gidan da ya dafe irinsa a biki guda. Ta uku ta fi aukuwa inda gandaye ɗaruruwa su ka taru. A can akwai wata iska mai zafi a tsakaninsu, gandun da ya kutsa cikinta da gudu sai ta share masa tasa iskar, yadda iska ta kan kwashe ƙaiƙayi a wurin shiƙa ta bar tsaba. Ga 'Yan Shidan Seyfert, jan maƙwabta shi ne babban abin da ke aiki a kansu.

Ƙarshen zaman fa? Kowane giftawa ya na rage musu gudu, su na ƙara kusantar juna. Masana su na ganin wata rana huɗun nan za su narke su zama ƙaton curi ɗaya, babu faifai, babu hannuwa. Mu ma muna da maƙwabci, gama Andromeda ya na matsowa wajenmu da gudun kilomita wajen 110 a sakan. An daɗe a na cewa haɗuwarmu tabbas ce, amma wani bincike da aka buga a 2025 ya nuna abin rabi da rabi ne cikin shekara miliyan 10,000 masu zuwa. Kada wannan ya hana kowa barci.

Iri a gida

Manomi ya san abin da mu ke faɗi. In an yi girbi, uwargida ba ta taɓa zangarniyar da mai gida ya ware ya rataye, ko da yunwar bazara ta matsa. Aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke nan tun shekarun 1920, kafin ma a haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin masara da a ke kira SAMMAZ, da na dawa SAMSORG, da na gyaɗa SAMNUT, da na wake SAMPEA, duk sunan Samaru ne a goshinsu. Garin da ya yi suna a kan iri bai kamata ya manta da darajarsa ba.

Gandu mai kama da waina ba matacce ba ne. Ya na da haske, ya na da kyan gani, tsofaffin taurarinsa za su daɗe su na ci, da tsohuwar zuma kuwa a kan yi magani. Abin da ya rasa magada ne, rashin kuwa ba ya nunawa da wuri. Haka gida ya ke. A kan ga gida da rufin kwano, da babur a zaure, da suturar biki, kowa ya ce ai sun ji daɗi, alhali kuɗin makarantar yara aka cinye. Yarinya ta bar aji ta ɗauki farantin talla, yaro ya koma tasha. Shekara 10, shekara 20, babu wanda ya lura. Sai ran da ƙarfin iyaye ya ƙare a duba a ga babu mai ɗaukar gidan.

Jan maƙwabta kuma gaskiya ne. Wanda ya zauna a gidan haya a Sabon Gari, inda ƙofa ke kallon ƙofa, ya san yadda ankon maƙwabciya ya kan ja na wata, yadda bikin wane ya kan sa wane cin bashi. Ba mu ce a guji mutane ba. Zaman tare shi ne rufin asirinmu, Sabon Gari ma da baƙi daga ko'ina aka kafa shi, tun zuwan jirgin ƙasa. Amma akwai bambanci ɗaya tsakaninmu da taurari. Su ba su da zaɓi, inda aka ja su nan su ke bi. Mu kuwa Allah ya ba mu hankali. Mai gida da uwargida za su iya zama su ce, wannan na ci ne, wannan na biki ne, wannan kuwa iri ne, ba mai taɓa shi.

Ku fita da yara

Wani iri da mu ke bari ya na zubewa shi ne sanin sama. Kakanninmu sun san Zara matar Wata, sun san Gamzaki mai tashin matafiya da asuba. Malamai su na lissafin damina da taurari irin su Nasara da Ɗarfa da Jabha. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a ilmin lissafi da na taurari har a Masar. A zamanin nan kuma Samuel Okoye, ɗan Nijeriya, ya na ɗalibi a Kambirij ta Ingila cikin shekarun 1960, ya taimaka wajen gano wani abu mai aiko da saƙon rediyo daga burbushin tauraron da ya fashe. Yau kuwa ga jami'a a ƙofar gidanmu, amma yaro ya kan gama sakandare bai taɓa ganin farin tsirin nan ba, don hasken janareta da na waya sun rufe masa ido.

Mu kuwa a Zariya an yi mana gata. Mu na kusa da tsakiyar duniya, saboda haka kusan dukan sama ta na wucewa ta kanmu cikin shekara. Mu na ganin tauraron arewa, mu na kuma ganin taurarin kudu waɗanda mutumin Ingila ba ya gani daga gidansa. Ga abin da za ku yi.

Ku zaɓi daren duhun wata. Sama ta fi tsabta bayan an ɗauke ruwa da damina, da kuma watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba kafin hazo ya sauko. Ku fita bayan gari, wajen gonaki, ku tafi da yawa, ku sa takalma saboda maciji. Ku kashe tocila da waya, ku ba ido minti 20 ya saba da duhu.

Cikin Nuwamba, wajen ƙarfe 9 na dare, ku fuskanci arewa. Za ku ga taurari biyar masu siffar harafin M. Ku miƙa hannu ku auna sama da su, bai kai taƙi guda ba, za ku ga wani ɗan gajimare mai tsawo. Andromeda ke nan. Wani masani na ƙasar Farisa, al-Sufi, ya rubuta labarinsa tun wajen shekarar 964. Ku faɗa wa yara cewa hasken da ya shiga idonsu ya yi shekara miliyan 2 da rabi a hanya.

Cikin Afrilu da Mayu, wanda ya sami aron tabarau mai jawo nesa ya nemi taswirar sama, ya duba kudu ya nemi Sentaurus A. Nisansa wajen shekarun haske miliyan 12 ne. Waɗansu masana su na lissafa shi cikin masu kama da waina, waɗansu cikin masu kama da curi. A hotunansa a na ganin baƙin tsirin ƙura ya ratsa shi, ragowar wani gandu ne da ya haɗiye.

'Yan Shidan Seyfert kuwa ba su ganuwa da ido ko da ƙaramin tabarau, amma za ku iya nuna wurinsu. A ƙarshen Yuni, wajen ƙarfe 9, akwai wani babban tauraro mai launin lemo kusa da tsakar ka. Gabas da shi akwai 'yan taurari sun yi rabin da'ira kamar karyayyen warwaro. Kudu da warwaron nan kaɗan, inda ba ku ganin kome sai duhu, nan su ke.

Yaron da ya tambaye ku abin da ba ku sani ba, kada ku kore shi. Ku sa ya rubuta tambayar, ya kai wa malaminsa na kimiyya, ko ya aiko mana da ita a wannan fili. Icce tun ya na ɗanye a kan tanƙwara shi. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba tauraro mai wutsiya: daga ina ya ke fitowa, me ya sa kuma wanda aka gani a 1986 ba zai komo ba sai 2061. Sai mun sadu.